Alwalar Ɗan Fadama a Kan Dutse

Mu mutanen Haɗeja ba mu san dutse ba. Wanda ya ce maka ya sani, tambaye shi ko na niƙa yake nufi. Ƙasarmu shimfiɗe take, in ka tsaya a kan jinga da safe sai ka hango mai keke tun yana ɗan ɗigo, ka gama karin kumallo bai iso ba. Abin da muka sani ruwa ne: na kogi, na fadama, da wanda ke shigo mana gari ba sallama in damina ta yi albarka. Shi ya sa har gobe in na ɗauko labarin hawan dutsen da muka yi ni da mijin yayata, sai na ga ana kallon bakina kamar mai shara ƙarya.

Mijin yayata mutumin Auyo ne, ɗan masunta, ya girme ni nesa ba kusa ba. Kowa Malam yake ce masa, ni ma haka. Wurin aikinmu ɗaya, ma'aikatar noma: shi ke duba jinga da magudanan ruwan gonakin shinkafa, ni kuwa ƙaramin malamin gona ne mai yawo da takalmi sau-ciki. Akwai wasan nan na mijin ya da ƙanin mata a tsakaninmu, kuma ba ya raga mini. Ɗan birni yake kirana, don na taɓa faɗawa ruwa daga kwalekwale a gaban matan Auyo masu wanki, bai kuwa bari garin ya manta ba.

Dole in yi maganar ƙafarsa, domin a kanta labarin yake. Faffaɗa ce, yatsun a warwatse, tafin ya yi kauri don bai san takalmi ba sai da ya kama aikin gwamnati. In ya tsaya a gindin kwalekwale da gwangwalar tuƙi a hannu, babban yatsansa na dama kan kama bakin katakon ya riƙe, shi ke nan, ko igiyar ruwa ta zo ba ya ko rangaji. Da damina mota ba ta shiga fadama, babur ma iyakarsa bakin ruwa, saboda haka aikinsa da abincin gidan yayata duk a kan ƙafar nan suke tsaye.

A shekarun da kuɗin mai ya fara shigowa, gwamnati ta kama tura ma'aikata kwas ƙasashen waje, har abin ya zo kanmu. Aka ce za mu arewacin Italiya mu ga yadda suke noman shinkafa da ruwan rani. Maƙwabcinmu, wani malamin firamare mutumin Filato, shi kaɗai ne a unguwar ya tashi a cikin duwatsu, da ya ji inda za mu sai ya ce can akwai duwatsun da na garinsu jarirai ne a gabansu. Malam ya ce shi shinkafa zai je gani, in dutse ya zo gaishe shi zai amsa.

Da muka je muka tarar da fadama sak irin tamu, har da sauro. Abu ɗaya ne ya hana Malam sakat. Ba a yi ruwan sama ba, amma magudanai cike suke taf, ruwan kuma sanyi ƙarara kamar na sabuwar randa. Ya sa hannu ya ɗanɗana, ya tambayi malamin kwas ɗinmu daga ina. Malamin ya nuna arewa, inda wasu fararen abubuwa suka tokare sama, waɗanda mu duk zatonmu gajimare ne. Ya ce dusar ƙanƙara ce ke kwance a kan duwatsu, tana narkewa a hankali tana ciyar da koguna. Malam ya daɗe yana kallo. Da kwas ya zo ƙarewa aka ce masu so za a kai su su hau ɗaya daga cikin duwatsun tare da jagorori, hannunsa ne ya riga na kowa tashi.

Na ce, “Malam, me ka ajiye a can?”

Ya ce, “Kogin da ka ci abinci da shi, ka san kansa. Namu ban taɓa ganin inda ya faro ba, bari in ga na mutane. In kana tsoro ka zauna ka tsare mana jakunkuna, ɗan birni.”

Tsoro kam ina ji, amma da in koma Haɗeja ya ba da ni a majalisa gara in mutu a can. Na ɗaga hannu ina zaginsa a zuci.

A wani ƙauye a gindin dutsen aka raba mu, kowane jagora da mutum biyu. Namu dattijo ne gajere mai furfura, fuskarsa rana ta gasa ta, Turancinsa guntu-guntu, nawa ne ma mai dama-dama, saboda haka ni na zama tafinta. Bai tambayi sunanmu ba sai da ya fara duba ƙafafunmu. Ya tsuguna gaban na Malam ya yi ta jujjuya su yana kaɗa kai, kamar mai sayen saniya. Aka yi ta fito da takalman aro masu nauyi, wanda ya yi tsawo bai yi faɗi ba, daga ƙarshe aka sami wanda ya shiga da ƙyar. Sai dattijon ya ɗaga safar ulu ya kaɗa ta a gaban hancinmu, ya maimaita magana ɗaya har ta gundure ni: ƙafa a bushe, safa a bushe, a can sama jiƙaƙƙiyar ƙafa mutuwa take yi.

Na fassara wa Malam kalma da kalma. Ya yi dariya ya ce, “Gaya masa ƙafar nan a ruwa ta girma. Ko kada ya san ta.” Ban fassara wannan ba.

Wuni guda muka yi muna hawa, ta cikin daji da farko, sannan itatuwa suka ƙare, ciyawa ma ta ƙare, ya rage daga mu sai tsakuwa. Jagoran tafiya yake kamar mai rakiyar amarya, taku ɗaya-ɗaya, har na fara ƙunƙuni, amma kafin la'asar ni ne mai haki shi ko gumi babu. Muka isa wani ɗakin katako da aka kafa a bakin ƙanƙarar, inda masu hawa kan kwana. A nan ya koya mana kayan aiki: wasu ƙarafa masu haƙora da ake ɗaurawa a ƙarƙashin takalmi don kada a zame, da ɗan gatari mai doguwar ƙota da ake dogarawa, da igiyar da za ta haɗa ƙugunmu mu uku. Ya nuna mana in ɗaya ya faɗi yadda sauran za su kwanta su kafa gatari. Malam ya kama komai nan da nan, ƙullin igiyar ma ya ce irin wanda suke ɗaure kwalekwale da shi ne. Da ya fara taɓa dusar ƙanƙara ya damƙa ya ga ta zama ruwa a tafinsa, sai na ga fuskarsa ta koma ta yaro, yana ta faɗin ikon Allah.

Ana fita hawan ne tun da asuba, kafin rana ta sassauta ƙanƙara. Da aka tashe mu, sanyin da na ji ban taɓa sanin akwai irinsa ba, haƙorana har ƙara suke. Muka fita bayan ɗakin don yin salla. Akwai wani kwami na katako da ruwan dutse ke tsiyaya a ciki da rana, yanzu samansa ya daskare. Ni dai na dube shi sau ɗaya, na juya na dafa wani faffaɗan dutse na yi taimama. Ina ɗagowa na ga Malam yana fasa ƙanƙarar da gindin gatarinsa.

Na ce, “Malam, yi taimama mana. Ai malamai sun yi rangwame in ana tsoron cutuwa.”

Ya ce, “Taimama ta mara lafiya ce da wanda ya rasa ruwa. Lafiyata ƙalau. Ruwa kuwa, dubi nan, dubi can, a kansa muke tsaye. Tun da uwata ta haife ni ban taɓa dafa ƙasa don salla ba, sai yau da Allah ya kawo ni gidan ruwa?”

“Ba ka ji abin da tsohon nan ya ce ba?”

“Wanka na ce zan yi? Alwala ce. Kai dai rago ne, ka samu malaman ragwaye.”

Abin da ya sa ban ja da shi ba, gaskiyarsa yake faɗa. Mutumin da ya tashi a Auyo taimama a littafi kawai ya san ta, abin mutanen hamada ce da matafiya, shi ko a shekarun fari in ya tona bakin kogi da hannu ruwa zai taso. Ya cire takalmi da safa ya tsuguna a kan ƙanƙara ya yi alwalarsa cikakkiya, bai rage komai ba, ya tsefe tsakanin yatsu kamar yana bakin kogin garinsu. Ba shi da al'adar goge ruwan alwala, ya kan ce a bar shi ya bushe da ladansa, kuma a rana irin tamu kafin ka miƙe ya bushe. Muka yi salla a gurguje. Muna sallamewa jagoran ya ƙwala kira daga gaba, mutanen sauran igiyoyin har sun fara tafiya. Malam ya zura safa a kan ƙafar yadda take, ya tura cikin matsattsen takalmin nan, muka tafi.

Jagora a gaba, Malam a tsakiya, ni a baya, kowa da 'yar fitila a goshi. Ƙanƙarar tana ƙara ƙurus-ƙurus a ƙarƙashin ƙarafanmu. Iska ta taso tana yankan fuska, numfashi kuma ya ƙi isa, ka ja ka ja kamar ana rowarsa. Wani wuri jagoran kan tsaya ya caka gatari a gabansa, sannan ya kewaya da mu, in na leƙa sai in ga tsaga a cikin ƙanƙarar, shuɗiya, ba a ganin ƙarshenta. Na yi addu'o'in da ban san na haddace ba. Na kuma yi wa kaina alkawarin in na sauka lafiya ko tsani ba zan ƙara hawa ba.

Sai rana ta fito. Ba zan ɓoye ba, duk da tsoron da nake ciki, na yi murna da na zo. Kawunan duwatsu suka kama ja ɗaya bayan ɗaya, gajimare yana ƙasa da mu, can nesa ta wata kafa muka hango shimfiɗaɗɗiyar ƙasa tana ƙyalli. Malam ya ja igiya ya nuna mini ya ce, “Ga fadamarsu can. Ka ga ruwan da muke takawa? Shi ne zai je ya zama tuwo.”

Duk inda aka tsaya shan shayi, jagoran sai ya nuna ƙafafunmu ya ɗaga gira. Ni kullum ƙorafi nake, yatsuna zugi suke kamar an daka su a turmi, shi kuwa sai ya gyaɗa kai ya ce da kyau, abin har ya ba ni haushi. Malam kuwa lafiya lau yake cewa. Ba ƙarya yake yi ba. Ya juyo ya ce mini da Hausa, “Ɗazu kamar ana soka mini allura, amma alhamdu lillahi ya daina. Ƙafar ta saba.” Har hassada na yi masa. A wurinmu ciwo in ya daina ai sauƙi ne ya samu, wa zai ce mana a can akasin haka ne? Rashin sani ya fi dare duhu.

Daga nan ƙanƙarar ta kai mu ga wani doron dutse siriri, hagu rami dama rami. Ni da rarrafe na bi shi, ban ji kunyar kowa ba. Malam kuwa a tsaye ya bi, hannu a sake, yana karkata jiki yadda yake yi in iska ta bugi kwalekwale, har jagoran ya waiwayo ya jinjina masa. Ina daga baya ina jin daɗi kamar ni aka yaba, ina cewa a raina, ku gani, namu ne. Ƙololuwar dutsen ta fito fili a gabanmu, muna ganin mutanen igiyar farko sun kusa kai mata.

Saura wani ɗan bango na dutse, wanda sai an sa hannu da ƙafa. Jagoran ya hau ya kafa igiya ya ce Malam ya biyo. Akwai 'yar gaɓa da za a ɗora kan takalmi a kai. Malam ya kai ƙafar dama ta goce. Ya sake kaiwa ta goce. Sai na ga ya sunkuya yana kallonta, ya sa ido ya ɗora ta a wurin kamar wanda ke ajiye kayan wani. Jagoran yana sama yana kallo. Sai ya sauko, ya dafa kafaɗar Malam ya nuna masa wani dutse can nesa. Malam na kallon can, tsohon ya ɗaga ƙotar gatari ya ƙwala a kan takalminsa na dama, bugun da ni da ke gefe sai da na runtse ido. Malam bai ko waiwayo ba, yana ta tambayata me aka ce ya gani.

Ban taɓa ganin fuskar mutum ta sauya da sauri haka ba. Ya ja mu bayan wani dutse inda iska ba ta kai, ya zaunar da Malam a kan jaka, ya kwance takalmin da kansa. Safar ta ƙame, sai da ya ɓamɓare ta. Yatsun sun yi fari fat, sun yi tauri, kamar ɓararren rogo. Ya dube ni ya tambaya da hannu da baki, ruwa daga ina? Na kwatanta masa wankin ƙafa, na ɗaga hannuwa kamar mai kabbara. Ya gane. Bai yi faɗa ba, ya dai rufe ido ya taɓa goshinsa.

Sai ya yi abin da ba mu zata ba. Ya buɗe rigunansa duka a cikin sanyin nan, ya kama ƙafar Malam ya cusa ta a kan fatar cikinsa, ya rufe ya rungume. Malam ya zabura zai janye.

“Subhanallahi! Ɗan birni, ce masa ya bari! In ɗora ƙafa a cikin mai furfura? Wace irin tarbiyya ce wannan?”

A gidajenmu ko miƙe ƙafa ba a yi ta fuskar babba, balle a taka shi. Na fara fassarawa, tsohon ya daka mini tsawa ya nuna ɗaya ƙafar, ya nuna cikina. Na kwance takalmin hagu na yi yadda ya yi. Sanyinta ya ratsa ni har ƙashin baya. Haka muka zauna mu uku a saman duniya, Malam a tsakiya, ƙafa ɗaya a cikin Bature ɗaya a cikin ƙanin matarsa, ya sa hannu ya rufe fuskarsa don kunya. Tausayinsa ya kama ni har na kasa kallonsa.

Can sai ya fara nishi, sannan ya ƙwala salati, ya ce wuta ake zuba masa a ƙafar hagu. Tsohon ya yi murmushi a karon farko, ya ce da kyau. Sai a lokacin na gane abin da yake nufi da kalmar tun safe. Ta dama ma ƙananan yatsun suka farfaɗo suka yi ja. Babban yatsan da mai bi masa suka ƙi. Ya ƙara riƙewa, ya hura musu numfashi, ya matsa farcen yana duban fuskar Malam, shiru. Daga nan ya ciro busasshiyar safa daga jakarsa ya sa masa, ya ɗaura takalmin sakwa-sakwa, ya juya igiya ta fuskanci ƙasa.

Malam ya ce, “Gaya masa ga ta nan fa, jifa ɗaya. In ni ba zan iya ba, ya kai ka, ni na jira a nan. Kada a ce mutanen Haɗeja sun zo sun koma ba ko ɗaya.”

Na ce, “Wallahi ko zinariya aka shimfiɗa a can ba ni zuwa. Tashi mu tafi.”

Ya ɗaga kai ya dubi ƙololuwar, mutane na tsaye a kai suna ɗaga gatura. Sannan ya tashi muka kama sauka. Tsohon ya sa shi a gaba, shi yana baya riƙe da igiya a gajarce, duk inda ya yi tuntuɓe kafin ya kai ƙasa an tare shi.

A asibitin wani gari a gindin duwatsun likita ya ce sai an jira, naman da zai rayu zai nuna kansa, wanda ya mutu ma haka. 'Yan kwas ɗinmu suka koma gida, aka bar ni jinya. Kullum da safe in an kwance bandeji mu biyu mu kafa wa yatsun ido. Suka yi bororo, suka yi shuɗi, sannan suka fara baƙi daga sama suna motsewa kamar busasshen dabino. Malam ya kan ce yau kamar ya ji motsi, ni kuma in ce ni ma na ga alama. Duk mun san ba haka ba ne.

Ranar da likita ya ce za a yanke biyun, zuciya ta ɗebe ni. Na rufe shi da faɗa a gaban mutane, abin da ban taɓa yi ba. Na ce an gaya maka, na fassara maka, na ce ka yi taimama ka ce ni rago ne, yanzu me zan ce wa yayata? Da me za ka tsaya a kwalekwale? Ya bar ni na gama, sannan ya ce a hankali, “Na ɗauka na san ruwa. Duk wanda na sani, in ka girmama shi ba ya cutar ka. Ban san yana da wani hali ba.” Na fita baranda na yi kuka, na dawo na ba shi haƙuri, ya ce ba komai, dama ɗan birni bai iya jinya ba.

Tsohon jagoran yana saukowa daga ƙauyensu ya duba mu, da cuku da 'ya'yan itace a ƙunshe. Ya zauna a bakin gado yana murza hularsa, yana cewa laifinsa ne, da ya duba da hannunsa tun a ɗakin katako, bai kamata ya yarda da baki ba. Malam ya ce in gaya masa abin da Allah ya rubuta ba jagoran da zai kankare, kuma sauran yatsu takwas ɗin nan albarkacinsa ya tsira da su, har abada ba zai manta ba. Na rasa Turancin da zai ɗauki maganar, na faɗa yadda na iya. Ina jin ya gane, don ya kama hannun Malam da hannu biyu ya daɗe bai saki ba.

Muka dawo Haɗeja yana dogara sanda. Yayata ta kwance ƙafar ta duba, ta shiga madafi, muka jiyo tana dakan da ya fi ƙarfin abin da ke cikin turmin. 'Yan dubiya suka yi ta zuwa, kowa da nasa bayanin. Wasu suka ce iskokin dutse ne, wasu suka ce an yi masa asiri don kada ya samu ƙarin girma, don ba wanda ya yarda sanyi na iya cin yatsa kamar kuturta. Limamin unguwarmu ya ce ai da ya yi taimama da sallarsa ta yi. Malam ya ce yanzu ya sani. Amma ban taɓa jin ya ce ya yi nadamar alwalar ba, abin da ya kan ce kawai, da ya goge ƙafar.

Ciwon ya warke, ya ajiye sanda, tafiyarsa a tudu ta dawo sai ɗan ɗingishi da sai wanda ya san shi zai lura. Muka fara cewa an tsira. Damina ta zo, kogi ya cika ya malala, aka aiko cewa jinga ta fara zaizayewa ta wajen Auyo, sai an je an gani. Muka tafi tare a babur har bakin ruwa. Masunta suka taso suna yi masa barka da dawowa, wani ya jawo kwalekwale ya miƙa masa gwangwala kamar yadda aka saba, ba wanda ya yi tunanin komai.

Ya cire takalmi ya hau gindin kwalekwalen, ni na zauna a tsakiya. Ya kafa gwangwala ya tura, muka rabu da gaɓa sumul, har na saki numfashi. Da muka shiga inda ruwa ke gudu, kwalekwalen ya karkata kaɗan, irin karkatar da da ko kallonta ba ya yi. Na ga ƙafarsa ta dama ta lalubi bakin katakon, ta nemi kamawa, babu abin kamawa. Ya tafi da baya ya faɗa ruwa, tsundum.

Yaran bakin gaɓa suka fashe da dariya, wani dattijo ya daka musu tsawa, wurin ya yi tsit. Malam ya taso ya kamo gwangwalar da iyo, ya dafa gefe ya hawo, ruwa na zuba daga rigarsa. Na zaci zai sake gwadawa. Ya tsaya a durƙushe yana duban ƙafar, sannan ya rarrafo ya wuce ni ya zauna a tsakiya, inda mata da buhuna ke zama, ya miƙo mini gwangwalar ta baya ba tare da ya juyo ba.

“Kai mu,” in ji shi.

Na tashi na tsaya a wurinsa. Na tuƙa mu tuƙin da ban taɓa ganin mai muninsa ba. Muka yi ta juyi a wuri ɗaya, na cusa mu cikin ciyawa, gwangwala ta maƙale a laka saura kaɗan ta fizge ni. Duk kuskuren da na yi sai in dubi ƙeyarsa, ina jiran ya ce ɗan birni, ina roƙon Allah a zuciyata ya faɗa. Har muka isa jingar bai faɗa ba.